Tantance Ɗalibi a Wajen Makaranta da Kuɗin Gunduma a Amurka: Abin da Ake Samu da Inda Ake Tuntuɓe

Idan makarantar gwamnati a Amurka ta auna ɗanku ko 'yarku don ta ga ko akwai buƙatar ilimi na musamman, sakamakon kuma bai kwanta muku a rai ba, doka ta ba ku damar kai yaron wajen wani ƙwararre wanda ba ma'aikacin gundumar ba ne ya sake auna shi, hukumar makarantun gundumar kuma ita za ta biya. A takardun makaranta IEE ake kiran wannan tantancewa. Ra'ayinmu a kanta a fili yake: cikin duk haƙƙoƙin da dokar ilimi na musamman ta ba iyaye, da wuya a samu wanda ya kai ta amfani, musamman ga gidan da ba shi da halin ɗaukar lauya. Sai dai hidima ce mai ƙa'idoji da yawa, kuma mafi yawan asarar da iyaye ke tafkawa a kanta a wajen maganar kuɗi take faruwa, tun kafin yaro ya zauna gaban ƙwararren.

Tushen haƙƙin yana cikin dokar tarayya da ake kira IDEA, wadda aka kafa a 1975 da wani suna, aka sauya mata suna a 1990, aka yi mata babban gyara na ƙarshe a 2004. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 yara da matasa kusan miliyan 7.5 ne ke samun tallafi a ƙarƙashinta, wajen kashi 15 cikin ɗari na ɗaliban makarantun gwamnati ke nan, kuma kowannensu ta ƙofar tantancewa ya shigo. Rahoton tantancewa shi ke faɗin ko yaro ya cancanta, kuma a wane rukuni cikin rukunan nakasa 13 da doka ta lissafa. Daga cikinsa ake ɗebo abin da za a zuba a tsarin karatunsa na musamman, wato IEP: minti nawa na koyon magana a mako, ko za a ba shi mai taimako a aji, ko za a sauya masa makaranta. To ga inda gizo ke saƙar. Gundumar da ke auna yaron ita ce za ta biya kuɗin duk abin da awon ya gano. Masu aunawa na makaranta da yawansu sun san aikinsu sarai, amma mutum ɗaya yakan riƙe makarantu biyu ko uku, ga wa'adi na bin sa, ga shi kuma ya san abin da gundumarsa ke da shi da abin da ba ta da shi. Kotun Ƙolin Amurka ma ta san da wannan rashin daidaito. A shari'ar Schaffer da Weast ta 2005, inda ta ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya shigar da ƙara, ta dogara da IEE wajen cewa iyaye ba za su fuskanci gwamnati hannu rabbana ba, tunda doka ta tanadar musu ƙwararre nasu da zai iya ja da na gunduma.

Sharaɗi na farko, wanda mutane da yawa ke tsallakewa, shi ne sai gunduma ta gama tata tantancewar tukuna. Idan kun nemi a auna yaro aka ƙi, ko aka yi ta jan ƙafa har kwana 60 suka wuce, ko wa'adin da jiharku ta sa, wannan wani ƙorafi ne daban. Na biyu, IEE ɗaya tak ake biya a kan kowace tantancewar gunduma, ita kuma sake tantancewa yawanci sai bayan shekara uku, don haka wanda ya ɓata damarsa a hannun ƙwararre mara inganci zai daɗe yana jira. Yaron da aka bi da shi ta Sashe na 504 kawai, wato sashen wata doka daban da IDEA mai hana nuna wa masu nakasa bambanci, dokar tarayya ba ta ba iyayensa wannan haƙƙi a fili ba. Wanda kuwa aka auna a ƙarƙashin IDEA aka ce bai cancanta ba, iyayensa suna da shi, su ne ma suka fi kowa buƙatarsa.

Wasiƙar da ke buɗe ƙofa

Layi huɗu sun isa. Sunan yaro da ranar haihuwarsa da makarantarsa. Cewa ba ku amince da tantancewar gunduma mai kwanan wata kaza ba. Cewa kuna neman IEE da kuɗin gwamnati bisa sashe na 300.502 na ƙa'idojin IDEA. Sannan a turo muku jerin wuraren da za a iya yin ta da sharuɗɗan gunduma. A aika wa daraktan ilimi na musamman na gunduma ta imel, a sa shugaban makaranta a ciki, a adana kwafi. Faɗa wa malama a bakin ƙofa lokacin ɗaukar yaro ba ya barin shaida, ranar da wasiƙa ta isa kuwa ita ce za a riƙa ƙirge daga kanta.

Gunduma tana iya tambayar dalilinku, amma ba ta da ikon tilasta muku amsa, ba ta kuma da ikon tsayar da aiki har sai kun amsa. Shawararmu ita ce a ambaci fannonin da ake so a auna, kamar karatu, magana, motsin hannu, ɗabi'a, amma kada a zuba shafi uku na ƙorafi, domin duk abin da kuka rubuta lauyan gunduma zai karanta shi. Wani abu da ya kamata a sani: idan matsalar ita ce an bar wani fanni ba a taɓa shi ba, misali an auna basira da karatu amma ba a auna magana ba, ofishin tarayya mai kula da shirye-shiryen ilimi na musamman ya bayyana a wasiƙunsa na 2015 da 2016 cewa iyaye suna iya neman IEE a wannan fannin, kuma gunduma ba za ta kauce da cewa bari mu auna shi da kanmu yanzu ba.

Daga nan hanya biyu kawai doka ta bar wa gunduma, kuma ba tare da jinkiri mara dalili ba: ko ta biya, ko ta shigar da ƙara gaban jami'in sauraren ƙararraki ta tabbatar da cewa tata tantancewar ta yi daidai. Babu hanya ta uku. Amma a aikace hanya ta uku ita ta fi yawa: shiru, ko a ce sai an yi taro tukuna, ko a turo takarda mai cewa mun ƙi, ba tare da an shigar da ƙarar ba. Wannan shi ne babban raunin tsarin, domin dokar tarayya ba ta faɗi adadin kwanaki ba. Wasu jihohi sun toshe wannan kafa. A New Jersey gunduma tana da kwana 20 ta shigar da ƙara. A Massachusetts kwana biyar ne na makaranta. Inda babu adadi, idan mako biyu ko uku suka wuce shiru, a sake rubutawa a ambaci ranar wasiƙar farko. Idan har yanzu shiru, a kai ƙorafi a rubuce ga ma'aikatar ilimi ta jiha. Kyauta ne, ba sai da lauya ba, ana da shekara ɗaya daga ranar da abin ya faru, ita kuma jiha dole ta yanke hukunci cikin kwana 60.

Idan gunduma ta zaɓi ƙara, takardar takan tayar wa iyaye hankali, musamman waɗanda ba su daɗe a ƙasar ba, ganin sunansu a matsayin waɗanda ake ƙara. A kwantar da hankali. Zama ne na hukuma a kan ingancin rahoton gunduma, ba tuhumar laifi ba, kuma nauyin hujja yawanci a kanta yake tunda ita ta shigar. Idan ta yi nasara, abin da kuka rasa shi ne biyan kuɗin kawai, kuna nan da ikon yin tantancewar da kuɗinku. Idan kun ga ba za ku iya zaman ba, janye buƙatar yakan kashe ƙarar. Gundumomi da yawa suna biya ne kawai don sun lissafa sun ga kuɗin lauya ya fi na awon.

Kuɗi

A nan ne ya kamata a tsaya a natsu. Cikakken awo a hannun masanin aikin ƙwaƙwalwa da ɗabi'a dubban daloli ne, a manyan birane ba abin mamaki ba ne ya haura dala 5,000. Na magana da harshe, ko na motsin hannu da rubutu, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Gunduma za ta turo muku takardar sharuɗɗanta, galibi ɗauke da abu uku: jerin sunayen ƙwararru, nisan da aka yarda a je, da iyakar kuɗi.

Jerin sunayen ba dole ba ne. Kuna iya zaɓar wanda ba ya ciki muddin ya cika sharuɗɗan cancanta, su kuma sharuɗɗan ba za su wuce waɗanda gunduma ke bi idan ita ce ke aunawa ba. Ba ta da ikon ƙara muku wani sharaɗi ko wa'adi na daban. Ba ma cewa a guji jerin gaba ɗaya, akwai nagari a ciki, kuma sun riga sun saba da takardun gundumar, abin da ke rage jinkiri. Amma a tambayi mutum kai tsaye kashi nawa na aikinsa daga wannan gundumar yake fitowa. Wanda rabin abincinsa daga can yake, alƙalaminsa yakan yi sanyi idan aka zo shafin shawarwari.

Iyakar kuɗi halal ce, amma da sharaɗi. Manufarta ta zama kawar da farashin da ya wuce hankali, ba matsakaicin farashin gari ba, kuma dole a ba iyaye damar nuna cewa halin da yaronsu ke ciki ya sa sai an haura ta. Shari'ar Seth B. da hukumar makarantun Orleans a Louisiana ta isa darasi. Gunduma ta amince da IEE a kan dala 3,000, takardar biya ta zo da sama da dala 8,000, gunduma ta ce rahoton bai cika sharuɗɗan jiha ba, ta ƙi biya. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta biyar ta ce ba sai rahoto ya cika kowane ƙaramin sharaɗi ba, ya isa ya cika mafi muhimmancinsu, amma ta ce ko an biya ba za a wuce dala 3,000 ba, domin iyayen sun san iyakar kuma ba su nuna dalilin haura ta ba. Saboda haka idan farashin wanda kuka zaɓa ya fi iyaka, a sa shi ya rubuta dalili tun kafin ya fara: yaron ba ya magana da baki, ko yana da nakasa fiye da ɗaya, ko harshensa na gida ba Turanci ba ne sai an ɗauki tafinta an ninka lokaci, ko kuma kun tuntuɓi waɗanda ke kan jerin babu mai karɓar wannan farashi. Na ƙarshen nan hujja ce mai ƙarfi, a rubuta sunan kowa da ranar da aka kira shi da amsarsa.

Akwai hanya biyu ta biya, kuma bambancinsu babba ne. Ko gunduma ta ƙulla yarjejeniya da ƙwararren ta biya shi kai tsaye, ko ku biya a mayar muku. Ku nace a kan ta farko. Ta biyu tana cinye ajiyar gida, mayarwar takan ɗauki watanni, kuma ita ce ke ba gunduma damar duba rahoto ta ga bai yi mata daɗi ba sannan ta tuna da wani sharaɗi. Iyalin da ba su da dubban daloli a ajiye su faɗi haka a rubuce, domin abin da doka ta ce shi ne a yi awon ba tare da iyaye sun kashe ko sisi ba. Ita ma hanyar farko tana da nata cikas: sai an yi wa ƙwararren rajista a matsayin mai kwangila, ya cika fom na haraji W-9, ya kawo shaidar lasisi da ta inshorar sana'a, wani wurin har da ɗaukar hoton yatsu kafin ya shiga aji. Makonni sukan tafi a nan ba tare da kowa ya faɗa wa iyaye ba. A riƙa tambayar ɓangarorin biyu ko an sa hannu.

Kafin a sa hannun, a duba me kuɗin ya ƙunsa. Abubuwa huɗu ne suka fi faɗuwa daga lissafi: ziyarar aji, kuɗin tafiya, tafinta, da halartar taron IEP don yin bayanin rahoto. Idan ba a rubuta su ba, daga baya kowa zai ce ba nasa ba ne. Game da inshorar lafiya kuma, gunduma tana iya tambaya ko za ku yi amfani da taku, amma sai da yardarku, kuma ba za a bar ku da biyan wani kaso ba. Mu dai ba ma son a bi ta nan idan babu larura, domin kamfanonin inshora sukan ƙi biyan awon karatu da lissafi su ce ba jinya ba ce, sai rahoto ya fito rabi.

Mazauna Massachusetts suna da ƙarin hanya ta jiha da ta danganci samun iyali. Yaron da ya cancanci abincin makaranta kyauta ko a farashi mai rahusa, gunduma za ta biya duka. Haka ma iyalin da samunsu bai wuce ninki huɗu na ma'aunin talauci na tarayya ba. Daga ninki huɗu zuwa biyar kashi 75, daga biyar zuwa shida kashi 50. Wannan hanya tana buɗe har wata 16 daga ranar tantancewar gunduma. Matsalarta ita ce jiha ce ke ƙayyade farashi, kuma ƙwararru da yawa ba sa karɓarsa.

Aikin kansa

Awo mai kyau yana farawa da takardu. Ku nemi cikakken fayil ɗin yaro daga makaranta, doka ta ce a ba ku dama cikin kwana 45, ku miƙa wa ƙwararren duka, har da rahoton da ba ku amince da shi ba. Wasu iyaye sukan ɓoye shi don kada ya rinjayi sabon mai aunawa, wannan kuwa yana ɓata aiki. Idan an yi wa yaro gwajin basira na WISC-V wata huɗu da suka wuce aka sake maimaita masa shi, makinsa zai hau saboda ya tuna wasan, gunduma kuma za ta yi watsi da sakamakon da hujja mai kyau. Ƙwararren da ya san abin da aka yi zai ɗauko wani gwajin daban. Bayan takardu sai doguwar hira da iyaye, daga goyon ciki har zuwa yau, sai zaman gwaji na sa'o'i da yawa wanda ya kamata a raba shi kwana biyu ko fiye ga ƙaramin yaro, sai takardun tambayoyi irin su BASC-3 ko Vineland-3 da iyaye da malamai ke cikawa.

Sai ziyarar aji, wadda a wurinmu ita ce ma'aunin da ke raba ƙwararren da ya cancanci kuɗinsa da wanda bai cancanta ba. Gani ya kori ji. Yaron da ke zaune shi kaɗai da babba a ɗaki mai shiru, ana yaba masa bayan kowace amsa, daban yake da yaron da ke cikin yara ashirin da biyar ana ƙarar kujeru. Rahoton da ba a je aji ba, jumla ɗaya ke rushe shi a taro: ai bai taɓa ganinsa a makaranta ba. Idan mai aunawa na gunduma ya shiga aji, to naku ma yana da haƙƙin a ba shi irin wannan dama, California har ta rubuta haka a dokar iliminta. Wannan ya shafi lokacin nema. Ƙwararrun da aka fi yarda da su layinsu yakan kai watanni, wanda ya aika wasiƙa a watan Mayu zai tarar an rufe makaranta kafin layi ya zo kansa, ziyara sai Satumba, a sabon aji da malamar da ba ta san yaron ba tukuna. Da zarar an karɓi rahoton gunduma aka ga bai yi ba, a nema a makonnin farko.

Yaron da ke jin Hausa a gida

Ga iyalanmu da ke Bronx ko wasu biranen Amurka, ko daga Kano suka zo ko Damagaram ko zangon Kumasi, wannan shi ne dalili mafi ƙarfi na neman IEE, kuma shi ne wurin da IEE ɗin ma take iya kasawa. Doka ta ce a auna yaro da harshen da zai fi fito da gaskiyar abin da ya sani, ta kuma hana a sa shi a rukunin nakasa idan ainihin dalilin shi ne ƙarancin Turanci. Amma manyan gwaje-gwajen nan an daidaita ma'auninsu ne a kan yaran Amurka masu jin Turanci. Wasu suna da bugun Sifaniyanci, Hausa kuwa babu.

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara takwas da ta shekara biyu a ƙasar. A waɗannan gwaje-gwaje matsakaicin maki 100 ne, daga 85 zuwa 115 shi ne inda yawancin yara suke. Shafin makinta ya nuna fahimtar kalmomi 74, warware matsala da siffofi da zane 104. Rahoto mai gaggawa zai haɗa su ya fitar da lamba ɗaya a ƙasan matsakaici ya ce basirarta ke nan. Alhali sashen kalmomin tambayarta yake yi ma'anar kalmomin Turanci da yaran da aka haifa a can suka shekara takwas suna ji. Tazarar maki 30 tsakanin sassan biyu ita ce labarin, lambar da aka haɗa ba ta da ma'ana. Ƙwararre na gari zai ƙara da gwajin da ba ya buƙatar magana, irin Leiter-3 ko UNIT-2, ya duba makinta na jarrabawar ƙwarewar Turanci, irin ACCESS da ake yi a jihohi da yawa, ya kuma tuna cewa Turancin wasa da hira yakan zauna cikin shekara biyu, na karatu kuwa yakan ɗauki biyar zuwa bakwai.

Kuskuren yana da fuska ta biyu wadda ta fi ba mu tsoro. Yaron da ke da matsala ta gaske, disleksiya (wahalar koyon karatu) ko jinkirin magana ko otizim (matsalar mu'amala da sadarwa da mutane), sai a yi ta cewa a bari Turancinsa ya nuna, shekaru su tafi. Abin da ke raba gardama shi ne matsalar harshe ta gaske tana bayyana a duk harsunan yaro. Shi ya sa tambayoyin da ake yi wa uwa suke da nauyi: yaushe ya fara haɗa kalma biyu da Hausa, idan aka aike shi da saƙo mai gaɓa uku yana isar da shi, yaya yake idan aka kwatanta da yayyensa a shekarunsa, a Islamiyya yana riƙe hadda ko yana gane haruffan Larabci. Yaron Nijar da ya fara makaranta da Faransanci, a kawo takardunsa na can. A kuma gaya wa ƙwararren tun farko cewa yaro mai tarbiyya a gidan Bahaushe yana sunkuyar da kai gaban babba, ba ya kallonsa ido cikin ido, ba ya kuma yawan surutu da baƙo. Wanda bai san haka ba yana iya rubuta shi a matsayin alamar otizim.

Tafinta ya zama wanda ya saba da irin Hausar gidan, kuma kada ya zama ɗan'uwan yaron ko yayansa, domin tausayi zai sa ya taimaka masa da amsa. Duk gwajin da aka fassara da baki ya fita daga ma'auninsa na asali, rahoto na gaskiya zai faɗi haka a fili, ya yi bayanin abin da aka gani maimakon ya jingina da lamba. Kafin ku zaɓi mutum ku tambaye shi yara nawa masu harshe biyu ya auna, kuma me yake yi idan babu gwaji a harshen yaro. Wanda ya ce ai yaron yana jin Turanci, babu damuwa, a nemi wani.

Rahoto da abin da ke biyo baya

Kauri ba shi ne inganci ba. A buɗe shafin shawarwari a fara daga nan. Jumla irin "ɗalibar za ta amfana da ƙarin tallafi a karatu" ba ta ɗaure kowa, gunduma za ta ce dama muna yi. Wadda ke aiki ita ce mai cewa a koya mata haɗa sauti da harafi bisa tsari, mataki-mataki, minti 45 sau biyar a mako, a rukunin da bai wuce yara uku ba, a hannun malamin da aka horar a kan hanyar, a kuma riƙa ƙirga kalmomin da take karantawa daidai a minti ɗaya duk bayan mako biyu. Wannan ana iya ɗaukarta a dasa a cikin IEP kai tsaye, a kuma gane ranar da aka daina yi. Rauni na biyu da ake yawan gani a rahoton likitoci shi ne su tsaya a sunan cuta. Sunan ADHD, wato matsalar kasa tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya, shi kaɗai ba ya sa yaro ya cancanta, sai an nuna yadda abin ke taɓa karatunsa da dalilin da ya sa yake buƙatar koyarwa ta musamman, da kalmomin da dokar jiha ke amfani da su.

A nan kuma dole mu rage wa hidimar maki. Doka ta wajabta wa gunduma ta duba rahoton ne kawai, ba ta wajabta mata bin sa ba, kotuna kuma sun sassauta ma'anar dubawar ƙwarai. Ana iya raba kwafi, a yi maganar minti goma, a wuce. Abin da ke sauya wannan shi ne ƙwararren ya halarci taron, ko ta waya ko ta bidiyo, ku kuma ku bi shawarwarin ɗaya bayan ɗaya kuna neman amsa. Duk wadda aka ƙi, ku nemi sanarwa a rubuce mai ɗauke da dalili, wadda sashe na 300.503 ya wajabta, kuma a harshen da kuke ji. Tafinta a taron ma haƙƙinku ne, a nema tun da wuri. A Massachusetts dole a zauna cikin kwana goma na makaranta bayan rahoto ya isa, a sauran wurare ku ne za ku rubuta ku nemi taron.

A kuma san cewa rahoton da gunduma ta biya zai isa hannunta ko ya yi muku daɗi ko bai yi ba. Wani lokaci ƙwararren waje yakan tabbatar da abin da makaranta ta faɗa, har ya gano abin da iyaye ba su shirya ji ba. Wanda ya biya da aljihunsa shi ke da zaɓin riƙe rahotonsa, idan kuma ya miƙa shi, dole gunduma ta duba shi daidai da wancan muddin ya cika sharuɗɗa.

Akwai inda ba mu ba da shawarar IEE. Idan rahoton gunduma ya bayyana yaron daidai, rigimar kuma a kan ba a aiwatar da abin da aka rubuta ba ce, sabon awo zai cinye watanni ne a banza, ƙorafi ga jiha ya fi sauri. Mazauna New York da Connecticut da Vermont kuma su lura da hukuncin D.S. da hukumar ilimi ta Trumbull na 2020, inda kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta biyu ta ce binciken musabbabin ɗabi'a shi kaɗai, wanda ake kira FBA, ba ya cikin tantancewar da ke ba da haƙƙin IEE. A can sai a jingina wasiƙar da cikakkiyar tantancewar farko ko ta shekara uku. Duk wanda ke son a duba masa wasiƙa kafin ya aika, kowace jiha tana da cibiyar horar da iyaye da wayar musu da kai wadda gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyinta a ƙarƙashin IDEA, kuma shawararsu kyauta ce.

Kuɗi ɗaya ne ya rage wanda gunduma ba za ta ɗauka ba. Idan magana ta kai ga zaman sauraren ƙara kuna buƙatar ƙwararren ya zo ya ba da shaida, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Arlington da Murphy ta 2006 cewa dokar IDEA ba ta mayar wa iyaye kuɗin shaidar ƙwararre ko da sun yi nasara, ko da yake ana iya mayar da na lauya. Don haka tun a kiran farko a tambaye shi ko yana yarda ya ba da shaida, da nawa yake karɓa a awa, domin akwai masu aunawa da kyau waɗanda sam ba sa shiga ɗakin shari'a.